A Bayan Jar Motar Ernest

Duk mako ina tsaye gaban inji a masaƙa a Kakuri, ƙara tana cin kunnena, auduga tana shiga hancina, kafin Juma'a ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi su. Asabar ce kaɗai ranar da zan miƙe in ji ni ma mutum ce. To ita ce kuma ranar da mijina Nicholas ke tsayawa a kaina da sassafe, makulli na kaɗawa a yatsansa, ya ce, "Maman Christy, tashi, rana za ta yi mana." Ta yi mana! Ina ruwana da rana? Amma sai in tashi, in ɗaura ɗankwali, in shiga motar nan. Ba don ina son gudu ba. Ina shiga ne don Nicholas ya fara makancewa, ya kuma hana a faɗa, ni kuwa ina tsoron ranar da zai take ɗan wani.

Bari in fara daga inda ya fito, don in ba haka ba za a ce taurin kai ne kawai. Taurin kan akwai shi, ni ce shaida, amma yana da saiwa.

An haife shi a wani ɗan ƙauye a bakin kogi, can bayan Kachia. Ƙasa mai albarka, doya da citta sai wanda ya gaji. Sai dai akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje a bakin ruwan, suna cizon mutum tun yana wankan rafi tsirara, ba za ka ga aikinsu ba sai ka girma ka tara iyali. A ƙauyen, namiji in ya manyanta sai a sare masa sanda. Ba ta dogarawa ba, doguwa ce mai riƙo biyu, ɗa ya kama gaba, uba ya kama baya. Haka Nicholas ya kai mahaifinsa gona, ya kai shi majami'a, ya kai shi gidan makoki, har bayan gida. Ya ce tsohon ba ya son a fizge shi, kullum maganarsa ɗaya: "Kada ka ja ni. Ka dai yi gaba, zan ji ka." Sau ɗaya tak Nicholas ya yi mini wannan hira, muna sabon aure. Ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Gaban sanda na riƙe har ta bar mini kanta a tafin nan. Bayanta kuwa, Esther, gara a tona a sa ni."

Da aka gama zaman makokin tsohon, ya hau saman lodin citta ya zo Kaduna. Ya yi yaron mota, ya yi direban tifa, daga baya da aka buɗe kamfanin haɗa motoci a Kakuri ya samu shiga. A nan aka gane abin da Allah ya ba shi, wato kunne. Aikinsa shi ne gwada sabuwar mota kafin ta fita. Za a turo masa ita tana ƙamshin fenti, ya ɗaga gilasai, ya hana kowa ko tari, ya zagaya da ita kan wata hanya mai gargada da aka yi musamman a bayan kamfanin. In ya dawo sai ya ciro alli daga bayan kunne ya yi alama a gilashin gaba, da'ira in lafiya, gicciye in akwai gyara. Abokan aiki suka sa masa suna Mai Kunne. Ba ya sakin mota mai ciwo ko za a kwana ana roƙonsa, ba ya kuma yarda a ɗora wa lafiyayyar mota laifi. Wannan na biyun ma ya fi ɓata masa rai.

Maƙwabcinmu a Romi, Jethro, mai aiki a gidan waya, shi ya fi kowa sanin haka. Yana da wata Bosuwaja mai kama da kunkuru, kullum da safe zagin ta yake yi, wai tana mutuwa a hanya don mugunta. Wata rana ya roƙi Nicholas ya saurara masa ita. Nicholas ya zagaya unguwa ya dawo, ya miƙa masa makulli a gaban matarsa da 'ya'yansa, ya ce, "Motar nan ba ta da laifi. A gyara direban." Jethro ya yi dariya tare da kowa. Amma ni na ga inda ya ajiye maganar, ba a wurin da za ta ɓace ba ne.

Motar tamu kuwa Datsun ce ta tsere, wadda suke kira Zet. Wani injiniya ɗan Japan da ya zo aikin gina matatar mai ne ya daki itace da ita, ya rabu da ita da zai koma gida. Nicholas ya jawo ta zuwa bayan gidanmu goshinta a murƙushe, ya yi mata rumfa tun kafin ya yi wa ɗakin girkina ƙofa. Damina biyu yana kanta. Da ta tashi, shuɗiya, doguwar hanci, ƙasa-ƙasa har sai ka durƙusa kafin ka shiga, unguwa ta fito kallo. Sai aka leƙa aka ga kujera biyu. Biyu fa! Mu a wajenmu, in mutum ya yi mota, ai dangi ne suka yi. Ita za ta kai mai naƙuda asibiti, ita za ta kai amarya, ita za ta dawo da buhun masara bayan Kirsimeti. Wannan kuwa ko 'yarmu Christy sai mun naɗe ta a bayan kujera. Dattawan ƙungiyar garinsu sun zo har gida sun ba shi shawara ya musanya ta da akori-kura. Ya ba su kunu, ya raka su bakin titi, shi ke nan.

Mutum ɗaya ne a Kaduna bai ga hauka a lamarin ba, shi ne Ernest. Mutumin Pankshin ne, yana aiki a matatar mai, yana zaune a Trikania, yana da wata jar mota ƙirar Alfa da ya saya wurin wani Ba'italiye mai aikin hanya. A wurin mai faci suka haɗu. Na tabbata har yau Nicholas bai san sunan matar Ernest ba, amma ya san irin fulogin da ke cikin motarsa. Kowace Asabar da sassafe Ernest zai zo ƙofarmu ya danna oda sau ɗaya, su fita hanyar Abuja, su wuce Gonin Gora tun masu talla ba su shimfiɗa kaya ba, su sake wa motocin linzami har wajen Sabon Gaya, su juyo. A lokacin Nicholas ne kullum a gaba, ni kuma ina gida ina barcina. Allah ya sani, shekarun nan su ne na fi jin daɗin aure.

Sai zamani ya juya. Kayan haɗa motoci suka daina zuwa yadda aka saba, aka rage ma'aikata, Nicholas na ciki. Aka ce musu su je gida, in abubuwa sun gyaru za a neme su. Ya karɓi maganar kamar alkawarin Littafi. Ko wandon aikinsa bai yarda na yanka na yi tsumma ba.

A zaman gidan nan ne na fara lura. Zai shigo ya yi ƙwallo da bokitin da ke gefen ƙofa, ya ce wa ya ajiye shi a hanya, alhali tun da muka tare nan ne wurinsa. Ran Lahadi Fasto ya miƙo masa hannu daga gefe, ya wuce abinsa, na sha kunya. In za ka yi masa magana daga dama, ba ido zai juyo ba, duk kan zai juyo gaba ɗaya. Na yi ta mita har ya yarda muka je asibitin ido. Likita ya tambaye shi inda aka haife shi, da ya faɗa sai likitan ya ajiye fitilarsa. Ya ce aikin ƙudajen kogin nan ne, ganin yana cinyewa ne daga gefe zuwa tsakiya, yanzu kamar mai leƙe ta cikin bututu yake gani, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ya ce ya daina tuƙi daga ranar.

Muna fita, tun ba mu kai bakin titi ba, Nicholas ya ce, "Maman Christy, maganar nan ta mutu a nan."

Na ce, "Ta mutu yaya? Ba ka ji abin da mutumin ya ce ba?"

Ya ce, "In ta fita, wa zai kira makaho ya gwada mota? Gabana ina gani sarai. In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Na yi kuka, na yi faɗa, na yi masa yajin magana. Na ɓoye makulli a cikin garin masara, ya haɗa waya ya tayar da ita. Na ce zan gaya wa Fasto, ya dube ni ya ce in na yi haka na sare masa sanda da hannuna. To me zan yi? Asabar da ta biyo baya, da Ernest ya danna oda, sai suka ga na fito da ɗankwalina na buɗe ɗaya ƙofar.

Ga yadda muka riƙa yi, mu uku, ba tare da wani ya taɓa faɗar sunan abin ba. Nicholas ya ce wa Ernest, "Yau ka shiga gaba, kamar tayarka ta baya tana rawa, ina so in duba." Ernest ya shiga gaba. Asabar ta gaba ma haka, ta gaba ma haka. Shekara ta zagayo ana duba taya guda! Jar motar tana cika ɗan bututun da Nicholas ke gani, inda ta bi ya bi, in ya ji Ernest ya sauke giya ya san kwana ce. Gefe da gefe kuwa aikina ne. Amma ba damar in ce masa ga abu, yanzu zai haɗe rai ya ce ya gani. Sai dai in yi kamar hira nake yi.

"Kai, akuyar nan ta dama ta yi ƙiba."

Sai ya ɗan kauce hagu.

"Dubi mai keken can na hagu, kamar buguwa ya yi tun da safe."

Sai ya ɗaga ƙafa.

Ban taɓa yin surutu a rayuwata kamar a motar nan ba. Na yabi shanun da ban san masu su ba, na zagi yaran makaranta da ba su yi mini komai ba. In mun dawo, wuyana ya sage, yawuna ya ƙafe, sai in shiga wanki da cefane. Litinin kuma inji na jirana. Na gaji ƙwarai, irin gajiyar da barci ba ya kashewa.

Safiyar da nake son ba da labarinta, ƙarshen damina ne, shekarar tamanin da bakwai. A makon ne wani tsohon abokin aikin Nicholas ya tare shi bayan sujada ya ce ana raɗe-raɗin za a kira tsofaffin hannu. Tun daga nan mutumina ya kasa zama. Ya sa na wanke wandon aiki, ya nemo guntun alli ya saƙala a bayan kunne yana yawo da shi cikin gida. Da muka fito da Zet, Jethro na tsaye a ƙofarsa da tawul a wuya da asuwaki a baki. Ya tofar ya ce, "Mai Kunne, yau ma kai ne jela? Da can kai ne kai fa. Ko tsufa ne, ko motar ce ta gaji?"

Nicholas ya shiga mota abinsa. Amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ce a raina yau sai Ubangiji.

Zuwa lafiya muka je. Ba zan yi ƙarya ba, safiyar ta yi kyau. Raɓa ba ta bushe ba, dawa ta yi tsayi hagu da dama, hazo na kwance a kan fadamu, kwalta baƙa wuluk babu kowa sai mu. In Zet ta samu hanya tana da wata murya, daga gurnani ta koma kamar waƙa, kujera ta manne maka a baya. Ni da ba na son ta ma, wani lokaci sai in ji ƙirjina ya buɗe. Ernest na gaba, jar motarsa na kwantawa a kwana tana miƙewa, mu muna bin sawunsa. Na yabi kare guda, na zagi wani mai amalanke, muka isa.

A gindin wata ɗorawa suke juyawa. Nan suke buɗe bonet, su tsiyayi shayi daga fulas ɗin Ernest, su sunkuya kan inji kamar masu duba jariri. Ranar sun daɗe. Maganar kafireto ta kai su maganar wani tsere da aka yi a Jos tun ina budurwa, daga nan ta dawo kan kafireto. Na ce, "Oga Ernest, rana tana yi, Gonin Gora za ta cika." Ernest ya ce, "Gaskiyar Madam," ya rufe bonet.

Nicholas ya ce, "Yau ka sake ta, Ernest. Ka daina tafiyar kai amarya."

Ernest ya dube ni ta saman kansa. Ya ce, "Oga, ai ka san tayar nan tawa."

"Na san ta," in ji Nicholas.

A dawowa akwai wani miƙaƙƙen wuri kafin a gangaro Gonin Gora. Muna shiga na ji hannunsa ya sauka kan giya. Na ce, "Baban Christy." Bai ji ni ba, ko ya ji ya ƙi. Ya sauke giya, ya karkata hagu, ya taka totur. Jar motar ta zo daidai tagata, na ga bakin Ernest a buɗe, sai ta koma baya. Na juya na kalli mijina. Wayyo, fuskar nan! Rabon da in ga haƙoransa haka tun ranar da aka haifi Christy. Ya buga sitiyari da tafin hannu ya yi ihu da yarensu. Da a ce zan iya tsayar da duniya a nan, da na bar masa ita.

Amma yanzu babu ja a gabansa. Na ga ya matso da ƙirjinsa kan sitiyari, yana juya kai hagu da dama yana neman hanya. Ernest na bayanmu yana ta oda ba ƙaƙƙautawa. Rumfunan Gonin Gora suka taso mana, ga tulin doya, ga buhunan gawayi, ga mutane sun fito. Bakina ya fara gudu.

"Mai keke a dama ya sha hula. Kai, yaran can na hagu ba su da iyaye ne? Tifar can da aka ajiye a dama ta tare..."

Daga bayan tifar wata dattijuwa ta fito, 'yar Gbagyi, ta ɗauko kwanon doya a kafaɗa yadda suke yi. Kayan na kafaɗar da ke wajenmu, sun rufe mata fuska. Ita ba ta ganin mu, shi ba ya ganin ta. Babu lokacin hira.

"Birki! Nicholas, birki!"

Ƙafarsa ba ta taɓa yin nawa ba, wannan kam na ba shi. Taya ta yi kururuwa, motar ta ja gefe, ƙaurin roba ya cika mana hanci, goshina ya daki gilashi. Muka tsaya a karkace. Na ga doya tana birgima a kan kwalta. Matar na zaune dirshan a ƙasa daf da tayar gaba ta wajena, ta dafe gwiwa, tana numfashi.

Nicholas ya ce, "Mene ne? Akuya ce?"

Mutum ce zaune kusa da shi har zai iya jin numfashinta, yana tambaya ko akuya ce.

Kafin in buɗe ƙofa mutane sun kewaye mu, masu zagi na yi, masu salati na yi. Ernest ya iso a guje yana ba da haƙuri, yana tsince doya da hannunsa. Na durƙusa gaban matar na kama ƙafarta. Motar ba ta taɓa ta ba, tsoro ne ya kayar da ita, gwiwarta ta goge. Nicholas ya fito ya tsaya riƙe da ƙofa. Matar ta ɗaga kai ta ce, "Haba Baba, ba ka gan ni ba ne?"

Ya juya kansa gaba ɗaya yana neman inda muryar take, ya wuce ta, ya dawo, sannan ya same ta. Dattijuwar ta ƙura masa ido. Da alama ta taɓa ganin irin wannan juyin kai. Sai ta ɗaga wa samarin da ke hayaniya hannu ta ce su bari. Ta ce masa a hankali, "Allah ya sawwaƙe, Baba." Zagin duk da aka yi bai taɓa shi ba kamar wannan addu'ar.

Ernest ya kai ta kemis aka wanke mata ciwon, ya saye doyar da ta fashe, taro ya watse. Muka rage mu uku a bakin hanya. A nan ne abin da na daɗe ina haɗiyewa ya fito.

Na ce, "Na gaji, Nicholas. Na gaji! Ido biyu Allah ya ba ni, ba huɗu ba. Na gaji da yabon akuyoyi. Duk Asabar sai na yi wa Christy kallon ban kwana kafin in fito, ka sani? Yau da tsohuwar nan ta ƙara taku ɗaya, da me za ka gaya wa jikokinta? Ka ce kunnenka bai ji ba?"

Ya juya wajen Ernest. Ernest ya sunkuyar da kai yana murza makulli, ya ce, "Oga, tayata lafiyarta ƙalau. Kai ka sani, ni ma na sani, tun ranar farko."

Tireloli na wucewa suna girgiza mu. Can Ernest ya ce bari ya kai Zet gida, ya dawo a bas ya ɗauki tasa. Nicholas ya girgiza kai. Tun da ya tayar da motar nan babu wanda ya taɓa zama a kujerarsa.

Ya ce, "Ni na fito da ita, ni zan mayar da ita. Amma ba zan tayar da inji ba. In tana numfashi, ƙafata ba ta jin magana. Kana da igiya?"

Akwai igiyar jan mota a but ɗin Ernest. Ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa ya ɗaura. Da ya tashi yana kaɗe jiki ya ce, "In an tambaya, fanbel ne ya tsinke." Na ce masa Allah ya yi albarka. Da gaske nake, don ni a ranar ba tonon asiri nake nema ba, a ajiye makulli kawai nake so, a bar masa mutuncinsa da jiran kiran kamfaninsa.

Haka muka kamo hanyar Romi, tafiyar hawainiya, jar mota a gaba, igiya a miƙe, mu a baya. Babu ƙarar inji, sai kukan taya a kan tsakuwa. Nicholas ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan igiyar. Ernest na riƙe da gaba, shi yana riƙe da baya. Na gani, na san shi ma ya gani, don wannan kam a tsakiyar bututunsa take. Ban yabi ko kaza ba har muka shiga unguwa.

Layinmu ya riga ya tashi. Mata na jere a famfo, masu shago sun buɗe, Jethro na wanke Bosuwajarsa da wando gajere. Yana hango igiya ya jefar da soso. Shekara nawa yana jiran wannan rana!

"Jama'a ku fito ku ga ikon Allah! Mai Kunne, ta mutu ke nan? Na faɗa, motar nan kwali ce da fenti, kyan ɗan maciji. Kunkuruna dai bai taɓa shigowa layin nan da igiya a wuya ba."

Aka fara dariya. Ernest ya fito da sauri ya ce, "Fanbel ne kawai ya..."

"Dakata, Ernest," in ji Nicholas.

Na kama hannun rigarsa. Na ce ƙasa-ƙasa, "Bar shi ya yi ta haushi. Fanbel ne. Mu shiga gida." Na san abin da zai rasa. Matar abokin aikin nan nasa tana tsaye a famfo da bokiti, duk abin da aka faɗa a layin nan kafin Litinin ya isa Kakuri.

Ya zare hannuna a hankali. Ya ja birkin hannu, ya tabbatar giya na furi, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya Zet ta tashi. Ya ɗan taka ta, muryar nan ta cika layi har kaji suka watse, ya bar ta ta sauko ta daidaita, kowa ya ji babu ko tari a cikinta. Sannan ya kashe, ya fito, ya dafa rufinta.

Ya ce, "Kun ji ta? Motar nan ba ta da laifi."

Jethro ya buɗe baki zai yi magana.

"Direban ne, Jethro. Ba na gani. Irin na babana ne, kuma ba ya gyaruwa."

Famfo kaɗai ke zuba. Jethro ya tsaya da kumfa a hannu, ya ce, "Haba, Oga Nicholas." Ernest ya juya baya ya sunkuya wai yana kwance igiya, ya daɗe a wurin.

Tsakanin titi da ƙofar gidanmu akwai kwata, da ɗan katako da muka ɗora ake takawa. Sau dubu nawa Nicholas ya haye shi yana zargin wanda ya gusar da shi. Ranar ya tsaya a bakin titi, ya cire allin nan daga bayan kunne ya sa a aljihu, ya miƙa hannu cikin iska.

"Maman Christy, ina kike?"

Ina tsaye a damansa, kafaɗata na kusan taɓa tasa. Na ce, "Ga ni." Na kama wuyan hannunsa da ƙarfi, don ni burina in raba shi da idon mutane, na fara jan sa.

Ya tirje. Ya zame hannunsa, ya laluba ya kama bakin zanena ta baya.

"Kada ki ja ni," ya ce. "Ki dai yi gaba, zan ji ki."

Na yi gaba.